Rabi Daga Baba, Rabi Daga Inna

Shekara da shekaru ina kan shafin nan, ba na rubuta komai sai "amin" a ƙarƙashin addu'ar wasu. Yau zan amsa wa masu tambayata yadda mai sikila ta kai tsufa. Ku yi haƙuri, labarin ba daɗi.

A Fagge aka haife ni, Turawa ba su tafi ba tukuna. Iyayena 'yan asalin Barno ne, auren zumunci. Kafin ni Inna ta rasa 'ya'ya uku, kowanne da kumburin yatsu da idanu rawaya. Dangi suka ce wabi ne, wato yaro ɗaya ke tafiya yana dawowa, kuma laifin cikinta ne.

Da aka yaye ni sai aka ba da ni ga bare, wai mutuwa ta zo ta tarar ba na gida. Wata tela ce 'yar ƙabilar Ibo a Sabon Gari, Mama Nkechi, mai sayen yadi a wurin Baba. Ba ta yi gardama ba, ta ce su ma suna da irin yaran nan a garinsu.

Inna tana zuwa ran Juma'a, amma an hana ta kira ni 'yarta. Sai ta raɗa mini, "Ki warke in mai da ke gida."

Ba abin da nake so a duniya sai wannan.

Ashe ciwon ya san hanyar Sabon Gari. Wata damina ruwa ya dake ni, ƙasusuwana suka kama kamar ana daka su a turmi. Aka yi tsaga, aka sha rubutu, a banza. Mama Nkechi ta goya ni sai asibiti.

Allura safe da yamma. Yarinyar gadon kusa da ni, ina kallo aka lulluɓe ta aka fita da ita. Na ji tsoro ƙwarai. Inna ta sayar da tasoshin aurenta saboda jinyar.

Aka huda yatsana, aka huda na Inna, likita ya dage sai an ɗebi jinin Baba ma. Bature ne, malamin asibiti yana fassarawa.

"Alhaji, ba wabi ba ne. Kowane mutum iri biyu yake ɗauke da su. In za a sami ciki, na uba ya rabu ya ba da ɗaya, na uwa ma haka. Ku biyun, kowa yana da lafiyayye ɗaya da mai ciwo ɗaya. Kamar a zura hannu cikin farin goro da ja ne, ido rufe. Shi ya sa 'ya'yan ɗaki ɗaya ba sa fitowa iri ɗaya. Wannan ta ɗauko mai ciwo a wurinku duka."

Inna ta yi murna har da hawaye. "Ka ji, Alhaji, ba ni kaɗai ba ce!"

Baba ya ce, "Ciki na gaba fa?"

"Sai an sake zura hannu."

"Da wata na aura, ita ma ta auri wani?"

"Wataƙila da ba ku binne ko ɗaya ba."

Baban nan nawa, shekaru dangi suna cewa ya saki Inna yana ƙi. Kafin a sallame ni ya sake ta, yana kuka, ya ce ba zai ƙara haƙa ƙaramin kabari ba. Yayyenta suka tafi da ita Barno. Ni aka ce jikina ba zai ɗauki tafiyar ba.

Na tashi, in dai wannan ne warkewa. Ciwon yana dawowa har yau, ya cinye mini ƙugu. Kada kowa ya ce mini ana sabawa, ba a sabawa.

Na gode wa Allah da ya bar ni. Na gode wa Mama Nkechi, da ta riƙe ni tana tashina in yi salla alhali ba addininta ba ne.

Masu sikila, ku sha ruwa da yawa, ku guji dukan ruwan sama, zazzaɓi kaɗan ku tafi asibiti. Samari da 'yanmata, ku gwada jini tun so bai yi nisa ba.

Inna ta yi wani aure a can Barno, ta haifi 'ya'ya lafiyayyu. Ban sake ganinta ba.