Munduwar Gwaggo da Zoben Kakata

Ku ji abin da zobe ya jawo mani a Dogon Dutsi, zamanin Faransawa!

Tut-tut-tut, injin gidan waya na ta tari. Kawuna Ɗanjimo ne mai gyaran rediyonsu, yana da wani akwatin ƙarfe mai ba da wutar lantarki daidai yadda ya murɗa. Ina kallon allurarsa tana rawa, sai ga Gwaggo Hajo da munduwarta ta jan ƙarfe.

"Ɗanjimo, an ce akwatinka na mai da wannan azurfa. Gobe suna gare ni!"

Kawu ya dube ni. "Ɗiyata, ara mana zobenki na azurfa, ya koya mata hali."

Gadon kakata ne, amma na miƙa. Ya ɗaure kowanne da wayar akwatin, ya tsoma cikin kwalbar wani ruwa. Kafin la'asar munduwa ta fito fara fat kamar sabon wata! Gwaggo ta rangaɗa guɗa: "Wallahi da doguwa cikin akwatin ga!"

Na mai da zobena a yatsa. Ina isa gida ya suɓuce, tsundum cikin miya! Inna ta cafke yatsana.

"Kin rame! Wa ya shiga ranki? Sabon malamin boko na lakwal ne ko?"

Na rantse har da hawaye. Ina! Wata guda ana ɗura mani fura.

Sai da na je karatu Yamai aka nuna mana yadda wuta ke kwasar azurfa daga wani ƙarfe ta shafa wa wani. Ashe zoben ne ya rame, Gwaggo kuwa na can tana yanga da rabinsa.