Kaskon Gwaggo Hajo

Bana shekara arba'in da bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina, kuma har yau in na tuna ta haushi nake ji kafin kewa.

Ba ta taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba. Amma da rani takan kai mu saurar bayan gidanmu a Tajaye, mu tono ƙwan fara daga cikin ƙasa, mu binne a kasko mai rairayi, ta rufe da tsohuwar rariya. Mutanen gari cewa suke iska ke kawo fara duka. Ita ba ta musu da kowa. Da ruwan farko ya sauka sai ta yayyafa wa kaskon, mu yi ta leƙe har 'ya'yan fara su fito, farare, ba fiffike. Tambayarta ɗaya ce kullum: "Mi kig gani? Ban ce mi kij ji ba."

Ina 'yar shekara tara na ɗauki kaskon zuwa lakwal, ina ta rawar kai. Mushe, malamin ajinmu, ya leƙa, ya ce ƙazantar ƙauye ce, ya zane ni don na yi bayanin da Hausa. Wannan mutum ban yafe masa ba. Amma abin da na yi ya fi nasa muni: na dawo gida na fasa kaskon a gabanta, na ce mu yanzu littafi muke karantawa. Ta durƙusa ta tattara rairayin da hannu.

Na zama malama, na yi shekara talatin a aji, ban taɓa shigo da kasko ba. Haddar da aka ɗura mini ita na ɗura wa 'ya'yan mutane, har ana yaba mini.

Makon jiya a Ƙonni jikata Rabi ta zana fara daga waya, tsaf da ita. Na tambaye ta ina fara ke haihuwa, ta ce ba a ba su wannan ba tukuna. Da Gwaggo na nan, na san ba wayar za ta harara ba, ni za ta kalla.

Ba ta bar littafi ba, tambayar nan kaɗai ta bari. Jiya na sayo kasko, na ja Rabi zuwa bayan gari. Na yi ta tono har gwiwa ta gaza, ban samu ko ƙwai ɗaya ba, don na manta irin wurin da ake tonawa.