Alƙawarin Mai Hoto da Faifan da Ya Ƙi Mantuwa

Kawuna mai ɗaukar hoto ne tun zamanin fim. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin na tela da na mai gyaran kwamfuta, da labule mai zanen teku a bango da kujerar da ƙafarta ɗaya ke ɗingishi. Kowa a layin Mai Hoto yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci.

Yana da wata ƙa'ida da bai taɓa saki ba: hoto na mai shi ne. Idan ya wanke maka hoto, sai ya miƙa maka fim ɗin, in kuwa ba ka so, ya ƙyasta ashana ya ƙone shi a gabanka cikin wani tsohon gwangwani. Saboda haka mutane ke kawo masa aikin da ba sa kai wa kowa. Da kwamfuta ta zo, bai sauya hali ba. Sai ya juyo maka da allon, ya goge hoton, ya zubar da kwandon sharar kwamfutar kana kallo, ya kakkaɓe hannu ya ce, "Shi ke nan, ya bi iska."

Da idonsa ya fara rauni, ya yanke shawarar ajiye aiki. Tsohuwar kwamfutar, wadda ta daɗe da daina tashi, ya sayar wa wani dillalin tsofaffin kaya, abokin wasansa. Sabuwar kuma yana cikin share ta ne hannunsa ya kuskure, ya goge hoton jikarsa na ranar da ta fara tsayuwa. Ya shiga shagon maƙwabciyarsa mai gyaran kwamfuta, wadda ake kira Injiniya, kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji ta. "Zauna, yanzu zan dawo maka da shi."

"Dawo da shi daga ina? Na zubar da sharar fa, 'yata."

Ta yi dariya, ta jona wayoyinta. Kafin shayinsa ya huce, ga jikar a allo tana riƙe da ƙafar tebur. Kawu ya tafa hannu. Amma hotuna ba su tsaya ba. Suka yi ta fitowa, fuskokin da ya goge shekarun baya, ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye kofin a hankali.

"Rufe. Don Allah rufe, kada ki kalla."

Ta rufe, sannan ta yi masa bayani. Gogewar da yake yi tamkar cire sunan ɗan haya ne daga ƙofar ɗaki. Kayan suna nan a ciki har ranar da wani sabo ya zo ya zuba nasa a kai, kuma duk mai irin na'urarta zai iya leƙawa.

Kawu ya ce mini a lokacin ba kowa ya faɗo masa ba sai wata maƙwabciya da ta taɓa yin ciwo mai tsanani a jikinta. Likita na nesa ya nemi a aika masa hoto, ta zo da mijinta tana kuka don kunya, Kawu ya ɗauka, ya rantse mata babu idon da zai ƙara gani. Matar ta warke, yanzu tana koyarwa a makarantar bayan layi. Hotunanta kuwa a tsohuwar kwamfutar suke, wadda ke hannun dillali.

"Ai waccan ta mutu," ya ce wa Injiniya, yana neman abin riƙewa.

"Kwamfutar ce ta mutu, Baba. Faifan ajiyar da ke cikinta yana iya yiwuwa lafiyarsa ƙalau."

Bai ko ɗauki hularsa ba. Ya tarar da dillali a bakin rumbunsa ana loda kaya a mota, za a kai wa masu saye a sari.

"A'a, Mai Hoto! Ka zo ɗaukar mu ne? Bari in gyara ciki."

"Cikin nan naka ko labulena ba zai rufe shi ba. Ina kwamfutata?"

"Taka? Jiya ka ce in raba ka da gawa, yau kuma kana neman gawar?"

"Ba duka nake so ba. Wani ɗan ƙarfe ne a cikinta."

Dillali ya ce tana can ƙarƙashin kaya, kuma direba ba zai jira tsoho mai canza ra'ayi ba.  Sai Kawu ya zare tsohuwar kyamararsa ta fim daga wuya, wadda dillalin ya yi shekaru yana roƙo a sayar masa, ya ɗora a kan buhu.

Dillali ya dubi kyamarar, ya dubi fuskar abokinsa, wasan ya fita daga bakinsa. "Me ke cikin ƙarfen nan haka?"

"Abin da ba nawa ba ne, ba kuma naka ba."

Da kansa dillalin ya hau motar ya yi ta sauke firji da fankoki yana zufa, direba yana ta danna oda. Da aka zaro faifan, ya tura wa Kawu kyamarar. Kawu ya tura masa ita, ya ce magana ta riga ta fita.

A shagon Injiniya aka raba aikin biyu. Faifan sabuwar kwamfutar ta sa wa manhajar da ke cika shi da rubutun banza daga farko har ƙarshe, sannan ta sake bincikawa a gaban Kawu, babu ko inuwar fuska. Hoton jikar kaɗai aka ware tun farko. Tsohon faifan kuwa Kawu ya ce ba ya son a ko kunna shi. Suka kai wa mai walda a ƙarshen layi, ya huda shi da injin huda ƙarfe wuri-wuri, ya buɗe murfin, Kawu ya karɓi guduma ya ƙarasa da hannunsa har abin mai sheƙi da ke ciki ya lanƙwashe. Ƙananan katunan ajiya na kyamara ma ya bi su da almakashin tela, tela yana ihu za a dasashe masa baki.

Da yamma malamar nan mai hotunan ta wuce ta ƙofar shagon da littattafan ɗalibai a hannu.

"Baba Mai Hoto, an ce ka ajiye aiki?"

"Yau dai na ƙarasa shi, 'yata."

Ba ta san komai ba, shi ma bai faɗa ba.

Shagon bai rufu ba. Labari ya zaga, mutane suka fara kawo tsofaffin wayoyi da kwamfutoci kafin su sayar. Injiniya ke share masu rai, matattun kuma Kawu ke ji da su. Matarsa tana cewa ta auri mai hoto, ta wayi gari da maƙeri. Gwangwanin nan na ƙona fim yana nan a kan tebur, yanzu cike da gutsattsarin ƙarfe, kuma har yau ba ya ɗaga guduma sai mai kayan yana tsaye yana kallo.