Saƙon da Ban Isar wa Yaran Ba

Me ya ɗaure min baki a safiyar da maigidana ya rasu? Shekara huɗu ke nan ina tambayar kaina, ina kuka. Ya bar min saƙo a kan wanda zai yi masa wanka, ban isar ba.

A lungunmu na Yakasai maza ciyayya suke yi. Bayan magariba kowane gida ya fito da kwanonsa, a zauna a tabarma ɗaya. Da gida bakwai ne. Da maigidana ya bar wazifa ya koma sabon masallaci shi da 'ya'yanmu, wasu suka bi shi, wasu suka ƙi. Kwanuka suka yi ta raguwa har saura biyu, namu da na maƙwabcinmu, wani malami Babarbare mai rubuta Alƙur'ani da hannu. Ba sa bin liman ɗaya, amma ba su taɓa fashin cin tuwo tare ba.

Daga bayan ƙyauren soro nake jin su.

"Malam, yau ma an ja carbin nan mai tsawon igiyar guga?"

"An ja, Alhaji, har kai na sa a ciki. Turo miyar nan, kai ai wa'azi ya ƙosar da kai."

Da ciwo ya kwantar da maigidana, Malam ya kawo rubutu a kwano. Babban ɗanmu ya tare shi a soro, ya ce gidan nan ba a sha. Malam bai yi fushi ba. Kullum sai ya zo ya zauna a dakali, ya tambayi mai jiki, ya tafi.

Ranar rasuwar gida ya cika. Ina jin babban yana cewa mutanen masallacinsu za su yi komai. Na yi shiru. Ko tsoron rigima a kan gawa na ji, ko na ɗan da na haifa, ban sani ba. An ce min a sahun ƙarshe na sallar jana'iza Malam ya tsaya, yana goge ido da hannun riga. Har yau matarsa tana miƙo min kunu ta katanga, in karɓa kaina a ƙasa.

Ni ban yi karatu ba, ban san wa ya fi gaskiya a cikinsu ba. Na dai san abin da maigidana ya ce min da asubar ranar, yana riƙe da bakin mayafina.

"Hajiya, Malam ne zai wanke ni. Ya san kafaɗar da ke min ciwo, zai bi a hankali. Ki faɗa wa yaran."