Agogo Biyu a Motar Yaya Mamman

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Mamman Direba, wanda ya kwanta dama a Bodinga ana saura kaɗan Turawa su tattara nasu ya nasu. Allah Ya jiƙansa. Na so shi ƙwarai, amma ba zan ɓoye halinsa don ya rasu ba: ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba. Ko fura aka miƙo masa, sai ya juya ludayi ya leƙa ƙasan ƙwarya.

Bayan yaƙin duniya na biyu ya sayi wata tsohuwar motar soja a gwanjo, ya sa aka ƙara mata tsawon bodi don ta ɗauki albasar Shagari zuwa Sakkwato, aka kuma ɗora mata injin wata babbar mota da ta mutu. Mai wannan aiki duka amininsa ne, Altine, maƙerin Sifawa, wanda tare suka tashi tun suna kiwon awaki. Ba wanda Yaya ke bari ya taɓa injin sai shi.

Injin aro bai zauna lafiya ba. Da rana ta take, ga kaya, sai baƙin mai ya tsinke kamar ruwa, allurar agogon mai ta riƙa sauka. Altine ya faɗaɗa kaskon mai, ya ce a koma zuba baƙin mai mai kauri, sannan ya ɗauki anini, wancan kuɗin mai huda a tsakiya, ya cusa bayan sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar famfon mai, don ya ƙara matsawa. Allura ta miƙe. Da wani ne, da ya yi godiya ya tafi, amma ban da Yaya. Cewa ya yi agogon da ya sauya magana dare ɗaya ba abin yarda ba ne, kuma wa ya san abin da sojan Turawa suka yi masa kafin su sayar?

Sai ya je Sakkwato ya samo agogo na biyu, ya ja masa siririn bututun tagulla daga injin da hannunsa, don ya riƙa kama na farko da ƙarya. Altine ya ce a lanƙwasa bututun a ɗaure, saboda gargadar hanya. Yaya ya ji, bai yi ba, har ma ya tambaye ni a gefe me ya sa Altine ya damu da bututunsa haka. Agogon biyu kuwa ba su taɓa faɗin abu ɗaya ba, sai ya koma zarginsu duka.

Motocin yau ba su da allura, sai 'yar jar fitila da ke kamawa bayan ɓarna ta riga ta auku. Nakan ga direbobi a tashar Bodinga sun liƙe ta da takarda don kada ta dame su. Da Yaya na raye, na tabbata cewa zai yi masu ƙera mota sun haɗa baki da masu sayar da inji, kuma ba ni da tabbacin zan yi masa musu.

Ranar da abin ya faru ina gaban motar, za ni Sakkwato, an cika ta da albasar mutanen Horo Birni. Mun baro Shagari kaɗan, allurai biyu suka faɗi tare. Na nuna masa. Ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ya ce, “Yau kuma sun haɗa baki. Ƙarya sukai.” Bai tsaya ba sai da injin ya yi wata ƙara ya ƙame. Da muka sauka, ga layin baƙin mai a bayanmu iya ganin ido, ga bututun tagulla a rabe biyu. Kafin a samo raƙuma, ruwan farko ya sauka a kan albasa, ta ruɓe.

Kowa ya ce girgiza ce ta karya bututun. Yaya ya ce zarto ne, kuma maƙeri ke da zarto. Ya ce wani mai mota a Dingyaɗi da ke son hanyar ne ya sayi Altine. Ba shaida ko ɗaya. Altine ya zo har gida, ya yi sallama, Yaya ya ƙi fitowa. Mahaifinmu ya sa baki, limami ya sa baki, a banza. Haka suka zauna ba gaisuwa har zazzaɓi ya ɗauke Yaya. Altine na cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma ya ƙi sakin kafaɗa ga kowa har maƙabarta.

Me ya rage na Yaya Mamman? Motar ta zama turken awaki, daga baya masu gwangwan suka kwashe. Ƙwazonsa bai mutu ba, don direbobin da ya koya wa duba mai kafin su tayar da inji suna nan suna ambatonsa. Amma zarginsa ma bai bi shi kabari ba. Ni na riƙe bututun nan a hannuna ran nan, na juya shi, kuma bakin karayar ya yi mini santsi fiye da yadda na so.

Da sallar bana na je Sifawa gaishe da Altine. Ya tsufa, idanu sun tafi, yana zaune bakin maƙerar da jikokinsa ke aiki. Muka yi wa Yaya addu'a. Da na tashi tafiya, ya laluba ya kama hannun rigata.

“Malam Bello, kai ka ga bututun ga da idonka. Hwaɗa min tsakani da Allah, kai ma kana zaton ni nay yanke shi?”

Na ce a'a, Baba Altine. Amma sai da na ɗan yi shiru kafin na faɗa, shi kuwa kunnensa lafiya lau. Ya saki rigata, ya ce in gaida gida.