Tela da Buhun Yashi

Shekara talatin da biyar Tela ya yi yana taka keken ɗinki. Abin da ya samu shi ne ƙafafu kamar na ɗan dako da hannuwa kamar zare. Bai taɓa ɗaga abin da ya fi dutsen guga nauyi ba, sai da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da matarsa.

Babban ɗansu ya zo dubiya, ya tarar da uban yana fama ya ɗauko ta daga gado zuwa kujera, su biyun suna neman zubewa.

"Baba, nan da wata uku zan zo da mota," in ji shi. "In abin bai canza ba, Mama ta koma wurina."

Tun aurensu Tela bai taɓa shan shayin safe shi kaɗai ba, kuma bai shirya koya ba.

Washegari ya shiga gidan ɗaga ƙarfe na bayan shagonsa, tef ɗin awo rataye a wuya. Ya nufi ƙarfen da ya fi kowanne girma, ya kama, ya ja. Ƙarfen bai motsa ba. Bayansa ne ya amsa.

"Baba Tela, a hankali!" in ji mai horarwa. "Wannan ko ni sai na yi masa sallama nake taɓa shi. Kilo nawa kake son ɗagawa?"

"Kafaɗa sha shida, ƙugu talatin da takwas, tsawo hamsin da huɗu."

"Riga za ka ɗaga?"

"Mai rigar."

Mai horarwar ya daina dariya. Ya miƙa masa ƙaramin ƙarfe, ya nuna masa yadda zai tsuguna, ya rungumo kaya jikin ƙirji, ya miƙe da ƙarfin ƙafa, ba da baya ba. Sau uku a mako, sauran kwanakin hutu.

"Ƙafar nan taka ta daɗe tana atisaye, kai ne ba ka da labari," in ji mai horarwar.

Sai dai ƙarfe ba shi da kafaɗa. Saboda haka Tela ya yanka yadin katifa, ya ɗinka buhu daidai awon matarsa, har da hannuwa. Duk mako yakan ƙara masa yashi kwano biyu, ya ɗauke shi daga tabarma zuwa kujera, ita tana kallo daga gado.

"Malam, ƙugun nan dai ƙari ka yi masa. Sharri ne."

"Tef ba ya ƙarya."

Da wata uku ya cika, ɗan ya iso, ya shimfiɗa bargo a kujerar bayan mota. Tela ya tsuguna gaban gado, ta sa hannunta mai lafiya a wuyansa, ya miƙe da ita, ya yi taku uku, ya zaunar da ita a kujerar ɗakin.

"Ka ga yadda yake dire ni?" ta ce wa ɗan. "Buhun ma ya fi ni samun lallashi."

Ɗan ya sha shayi tare da su, ya naɗe bargonsa, ya kama hanya.

Tela bai daina zuwa ɗaga ƙarfe ba. Matar ta koma cin abinci sosai, makon jiya ma sai da ya farke ƙugun buhun ya ƙara inci biyu.