Ranar da Muka Ɗage Zanar Asara

Asararmu tana bayan gida, a ƙarshen unguwa, kusa da hanyar da motocin garin Simsim ke bi su shigo Gadarif. Ga wanda bai san asara ba, ƙaton turmi ne da aka sassaƙa daga gindin itace, tsayinsa ya kai ƙirjina, da taɓarya mai nauyi da aka haɗa da doguwar sanda. Raƙumi ke jan sandar, idonsa rufe da ƙyalle, yana zagayawa tun bayan sallar asuba har hantsi, ridi yana mutsuwa a ciki har ya saki mai. Ni da yayana muka gaje ta daga mahaifinmu. Mun kuma gaji dokarsa: baƙo ba ya leƙa turmi lokacin da ridi ke sakin mai. Baba yakan ce idon mutum yana da nauyi, in ya faɗa wa turmi sai man ya noƙe. Shi ya sa aka kewaye wurin da zana. Mai saye yakan tsaya a waje ya miƙo kwalbarsa ta sama, mu cika mu miƙa masa.

A shekarar da yaƙi ya koro mutanen Khartum da Madani suka cika garin, ciniki ya riga ya yi sanyi a wurinmu. Man inji ya cika kantuna, tsofaffin da suka san ɗanɗanon namu suna ta raguwa. Wata rana da sanyi ya fara shigowa, Yaya ya zaunar da ni a ƙarƙashin rumfa ya ce ya gaji. Raƙumi yana ci kullum, jarkokin mai kuma suna jere ba mai tambayarsu. Ya ce nan da kasuwar dabbobi uku zai kai raƙumin ya sayar, mu biyu mu bi motar masu yankan dawa zuwa gonakin Gadambaliya. Ban yi masa musu ba, don shi ne babba. Amma na san in raƙumin ya tafi asara ta mutu ke nan, ba mai sake ɗaura ta.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, a wata makaranta da rabin ɗakunanta mutanen da suka gudo suke kwana. Na wuce hamsin kafin na riƙe fensir. Malamar da ke koya mana Bahaushiya ce daga Madani, ita ma gudowa ta yi da mijinta da 'ya'yanta. Ustaza muke ce mata, ita kuma Ammu take kirana, kamar yadda mutanen can suke kiran wanda ya girme su. Bayan koyarwa tana haɗa turaren wuta, kuma ba ta da shago ko tebur a kasuwa. A cikin waya take sayarwa. Kullum da an tashi aji sai ka ga mai raksha, wato babur mai ƙafa uku, yana jiranta a ƙofa da zai kai saƙo.

Rannan na tsaya bayan kowa ya fita, na tambaye ta ko man ridi zai shiga waya kamar yadda turare ya shiga. Ta yi dariya, ta ce ai matan Khartum suna ta cigiyar man asara a zauren saye da sayarwa na waya da take ciki, don shafa wa jarirai da masu ciwon ƙirji da zuba wa wake da safe. Ta ce in ɗauko hoto in kawo mata gobe.

Ban taɓa jin tafiya gida ta yi min tsawo kamar ranar ba. Washegari na yi wanka, na sa jallabiyar salla, na naɗa rawani, na ba matata wayata ta ɗauke ni. Ni a sanina hoto ke nan: mutum ya shirya, ya tsaya ƙyam, kada ya yi dariya. Na riƙe kwalbar mai a gefen cinya. Da Ustaza ta gani sai da ta zauna a kan benci don dariya.

"Ammu, kai za mu sayar ko man? Wallahi rawanin ya yi kyau, amma sai da na yi ta nema kafin na ga kwalbar."

Ta kuma tambaye ni me ya sa hoton ya yi dishi-dishi kamar an ɗauka cikin hayaƙi. Ta juya wayar, ta nuna min ƙaramin idon da ke bayanta. Ashe mai ne ya lulluɓe shi. Hannuna shekara arba'in yana cikin man ridi, duk abin da na taɓa sai ya yi maiƙo. Ta goge da gefen mayafinta, ta ɗauki allon aji, sai ga haruffan da muka rubuta sun fito tar.

A tsaye ta koya min sauran. Kada in ɗauka da tsakar rana, don rana mai zafi tana cinye launi. Da safe, a bakin rumfa, haske ya zo ta gefe. In bar kwalbar roba, in nemi ta gilashi. In shimfiɗa farin ƙyalle a baya, in kawar da takalma da bokiti da kaji. In durƙusa har idon waya ya zo daidai da kwalbar, in riƙe numfashi kafin in danna. Ban rubuta ko ɗaya ba, don a lokacin rubutuna bai kai nan ba, amma na maimaita su a hanya kamar mai tilawa.

Na zaɓi man da ya kwana uku ya kwanta, ya yi garau, don shi mutanen unguwarmu suke so. Na ɗauki hoto ya fi ashirin, gwiwata duk ƙasa. Na ƙarshen ne ya yi daidai. Hasken safiya ya ratsa kwalbar, man ya zama kamar zinariya. Na bi gida ina nuna wa kowa, har Yaya, wanda ya kalla ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da shan shayinsa.

Ustaza ta saka hoton a zauren. Kwana biyu ina tambayarta. A na uku ta karanta min abin da matan suka rubuta, ba ta ɓoye ba. Ɗaya ta ce wannan ai man kanti ne aka juye a gilashi. Wata ta ce an taɓa sayar mata da irinsa, ashe da man gyaɗa aka sirka. Wata kuma ta ce duk mai cewa asara ya nuna asarar. Ustaza ta ce matan nan an cuce su sau da yawa tun da suka baro gidajensu, ba su san kowa a garin ba, idonsu ne kawai shaidarsu. Hoton ya yi kyau, amma kyan nasa irin na kowa ne. Abin da nake da shi wanda kanti ba shi da shi, shi ne raƙumi da turmi. Ta ce in ɗauki bidiyo gajere, a ga raƙumin yana zagayawa, a ga man yana tasowa da kumfarsa tun bai kwanta ba.

Na ce mata hakan ba zai yiwu ba, na gaya mata dokar Baba. Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce ita ba za ta ce in karya maganar mahaifi ba, amma in yi tunani.

Kasuwa ɗaya ta riga ta wuce. Na sami Yaya yana ba raƙumi tunkuza, na faɗa masa. Ya ajiye kwanon ya dube ni.

"Mutum ɗaya Baba ya hana ya leƙa. Kai kuma za ka tara mana matan Khartum kaf a kan turmi?"

Gaskiya ya faɗa. Kwana biyu ina juya maganar ina wankin ridi. Sai na tuna wata shekara muna samari, sandar ta tsage ana tsakiyar aiki, dole aka kira kafinta. Baba bai tsayar da turmi ba. Ya tsayar da mutumin a ƙofar zana, ya ce ya faɗi Masha Allah da ƙarfi kowa ya ji, sannan ya shigo. Kafinta ya faɗa, ya shiga, ya yi gyaransa yana kallon turmi, kuma man ranar ya fito. Na tuna wa Yaya. Ya ce ya tuna, har ya tuna kafintan gurgu ne. Amma ya ce wa zai tsaya a ƙofar waya ya sa mutane su faɗa? Na ce ni zan tsaya. Zan rubuta a saman bidiyon, kafin kowa ya buɗe.

Ya daɗe yana sosa wuyan raƙumi. Daga baya ya ce tunda dai sayar da shi za a yi, in yi abin da zan yi, amma in man ya noƙe kada in zo masa da magana.

Ban yarda Ustaza ta rubuta min ba. Ƙofar tamu ce, ni ya kamata in tsare ta. Ta rubuta a allo da Larabci, na kwafa a littafina sau goma sha, sannan na nemo haruffan ɗaya bayan ɗaya a waya da wannan ƙaton yatsan nawa. Layi uku ne. Na farko: don Allah ki ce Masha Allah kafin ki kalla. Na biyu: man ridi na asarar raƙumi, matsar yau, Gadarif. Na uku: akwai ƙaramar kwalba da babba, ana kaiwa har gida. Layukan nan uku sun ci min daga la'asar har kiran magariba, kuma ban taɓa jin daɗin aiki irin nasu ba.

Da safe na kwance zana ta gefen gabas na jingine ta, haske ya shigo wurin da bai taɓa shiga ba. Sai a ranar na ga yadda turmin namu yake da kyau, ya yi baƙi yana sheƙi saboda shekaru. Na wanke hannu da sabulu sau biyu, na goge idon waya, na jingina gwiwar hannu a kan tsohuwar ganga don kada in yi rawa. Raƙumi ya wuce ta gabana, taɓarya tana kuka, ya sake wucewa. Na matsa na leƙa da wayar cikin turmi daidai lokacin da man ya fara taruwa a gefe, da kumfarsa. Yaya ya juya baya don kada fuskarsa ta fito, amma hannunsa ya fito yana kwasar mai da gwangwani.

Ustaza ta saka shi da azahar. Da na isa aji ta hana ni zama, ta miƙo min wayarta ta ce yau karatuna ke nan. Na duba. Kalmar da na fi sani a duniya ce ta cika fuskar wayar, daga sama har ƙasa. Masha Allah. Masha Allah tabarakallah. Na ja da yatsa, ga wasu, na sake ja, ga wasu. Ni da nake haɗa harafi da harafi kamar mai hawan tudu, ranar karatu nake yi a guje. 'Yan aji suka kewaye ni, wani tsoho abokin zamana yana cewa a ba shi ya ga raƙumin da ya riga mu shiga jami'a. A tsakanin addu'o'in akwai tambayoyi, su Ustaza ta taya ni. Wata tana son babbar kwalba. Wata ta ce kukan taɓaryar ya tuna mata da garin kakarta. Wata tana tambaya ko ana sayar da tunkuzar. Ustaza ta ce in amsa kowa kafin rana ta faɗi, ko da murya ce, don mai tambaya a waya ba ya jira.

Na ari wayarta na kai wa Yaya. Ya ce in karanta masa da kaina. Na karanta har na gaji, yana ƙirga wani abu a ransa. Ya ce masu kallo sun fi masu rubutawa yawa, ko ba haka ba? Na ce haka ne. Ya ce to gobe turmi zai gaya mana.

Asubar ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Muka zuba ridi, muka yayyafa ruwa, raƙumi ya fara zagaye. Lokacin da man ya saba nunawa ya zo ya wuce, turmi a bushe.  Na sa hannu na taɓa ridin, na ji shi sanyi ƙalau. Na shiga gida na karɓo ruwan zafi a butar shayi, na zuba kaɗan kaɗan a gefen taɓarya, kamar yadda muke yi kowace shekara in sanyi ya yi tsanani. Raƙumi ya zagaya sau goma, sau ashirin. Sai ridin ya yi duhu, ya fara ƙyalli, man ya taso ta gefe a hankali, sannan ya taru har ya rufe gindin taɓarya. Na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai.

"Sanyi ne," in ji Yaya.

"Sanyi ne, Yaya."

"Miƙo gwangwanin."

Kafin hantsi ya yi, raksha biyu sun tsaya a bakin hanya. Matar farko da ta sauko ba ta yarda a kai mata ba, ta ce sai ta gani da idonta. Tun daga nesa take faɗin Masha Allah, Yaya da kansa ya matsa mata ta wuce. Ta ɗanɗana a yatsa, ta lumshe ido, ta ce a cika mata biyu, ɗaya ta maƙwabciyarta. A cikin kwana shida jarkokin da suka daɗe a jere suka ƙare, muka koma matsa sau biyu a rana.

Ranar kasuwa ta uku na tashi ban san me zai faru ba, don Yaya bai sake tayar da maganar ba, ni kuma ban tambaya ba. Na fito na same shi ya riga ya ɗaura wa raƙumi sanda, yana gyara masa ƙyallen ido. Ya ce ridin da ya rage ba zai kai mako ba, in je bakin hanya in tare direban Simsim ya kawo mana buhu huɗu, mai tsabta, ba irin na wancan karon mai ƙasa ba. Na ce to, kasuwar fa? Ya ce a bar ta zuwa bayan damina a gani. Na sa takalmi na fita da sauri, har na kai bakin hanya kafin na lura ban ko karya ba.